Shekara Biyu Ba Mu Yi Faɗa Ba

Littafin farko na ƙungiyarmu ta manoma masu ban ruwa yana nan a wurina, bangonsa ya cinye, gefensa duk jirwayen ruwa. Ni ne magatakarda tun ranar da aka kafa ta, ba don na fi kowa iya noma ba (waɗanda suka san gonata za su ba da shaida), sai don na taɓa koyarwa a firamare, ana ganin hannuna ya faɗa da biro. Kwanan baya na ɗauko shi ina neman wani tsohon lissafi, sai na shagala da karanta bayanan tarurrukan shekara biyun farko. Kowane shafi ƙarshensa ɗaya ne: "An tashi lafiya, babu saɓani." Sau ashirin da wani abu na rubuta wannan da hannuna, kuma a lokacin har alfahari nake yi da shi.

Mu arba'in da ɗaya muka fara, yare uku. Akwai mu da muka fi yawa, waɗanda kakanninmu suka sari dajin. Akwai mutanen da suka gangaro daga tudu tun zamanin iyayenmu suna neman ƙasa mai ruwa. Akwai kuma waɗanda asalinsu makiyaya ne, dabbobi suka ragu suka kama fartanya. Da gangan ba zan kira sunan ƙabila ko ɗaya ba, domin na lura da zarar an ambaci suna mai karatu ya daina sauraro, ya koma neman nasa a cikin labarin, yana duba ko an ci musu fuska.

Ba ƙauna ce ta tara mu ba. Wani shiri ne ya zo da injin ban ruwa da rancen taki, sharaɗinsa kuwa sai ƙungiya mai rajista, kuma duk wanda gonarsa ke shan ruwa a magudanar dole ya shiga. Magudana ce ta zaɓa mana membobi, ita kuwa ba ta tambayi kowa asalinsa ba. Ranar taron farko a rumfar da muka kafa kusa da injin, babu wanda ya nuna wa wani wurin zama, amma mutane suka kasu uku da kansu, tsakanin kowane kashi da wani an bar ɗan fili kamar kwarin da ke tsakanin kunya da kunya. Gaisuwa kuwa ba a magana, sai mu ci minti ashirin ana tambayar gajiya da iyali. Jami'in shirin ya miƙe ya ce dukanmu ɗaya ne, manomi ba shi da ƙabila. Aka tafa, ni ma na tafa. Aka ba mu shugaba, aka ba mutanen tudu mataimaki, aka ba na ukun ma'aji. Kowa ya samu kujera, aka ce an yi adalci.

Dokarmu a rubuce take sarai. Wanda bai fito yasar magudana ba a ci shi tara. Wanda ya buɗe ruwa ba ranarsa ba, tara ninki biyu. Wanda ya yi wata uku bai biya kuɗin wata ba a dakatar da shi. A cikin shekara biyu ko mutum ɗaya ban rubuta wa tara ba, kuma na san dalili domin biron a hannuna yake. In mutumin tudu ya ƙi fitowa aiki, sai in riƙe biro in yi shiru: in na rubuta shi, gobe za a ce magatakarda yana ƙabilanci, ya ga ba nasa ba ne. In namu ne ya ƙi fitowa, to ko kawuna ne, ko surukina, ko wanda na koyar da 'ya'yansa, kuma in na ci shi tara bayan na ƙyale bare, a gida za a ce na sayar da dangi don neman suna. Sai na yi wa kowa kara. Shugaba ma haka yake yi, ma'aji ma haka. Muka mayar da rumfar nan kamar ɗakin surukai, kowa yana sunkuyar da kai.

Masu fitowa yasa suka ragu daga talatin da 'yan kai zuwa tara. Yashi ya cike magudana, ciyawa ta rufe ta. Ranar da injin ya buga, muka buɗe akwati muka tarar abin da ke ciki ko kuɗin motar makanike bai kai ba. A taron ranar ma na rubuta an tashi lafiya.

'Yata ce, da take jami'a a lokacin, ta turo mini wani bincike ta waya bayan na yi mata ƙorafi, ta ce, "Baba, karanta wannan, kamar a rumfarku suka zauna." Masana tattalin arziki biyu ne, Edward Miguel da Mary Kay Gugerty, suka wallafa shi a 2005 a kan ƙauyukan yammacin Kenya. Sun gano cewa makarantun firamare da ke yankunan da ƙabilu suka cakuɗu sun fi ƙarancin gudummawar iyaye, rijiyoyin wuraren kuma sun fi zama a lalace. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dalilin da suka bayar. Ba su jingina abin ga ƙiyayya ba. Cewa suka yi kwamitin da duk dangi ɗaya ne yana da hanyar matsa wa wanda ya ƙi biya, ya kunyata shi, ya kai ƙararsa wurin manyansa, amma in mai laifin ɗan wata ƙabila ne hannun kwamiti ba ya kai gare shi, sai a zuba masa ido, sauran su gani su ma su janye. Shi Miguel ɗin ya kuma kwatanta gundumar Busia ta Kenya da gundumar Meatu ta Tanzaniya, masu kama da juna a yanayi da cakuɗuwar jama'a, ya tarar a Meatu yawan ƙabilu bai rage gudummawa ba. Ya danganta hakan da aikin da aka yi tun zamanin Julius Nyerere: harshen Suwahili ya zama na kowa, makaranta ta koyar da yara su ɗauki kansu 'yan ƙasa ɗaya, majalisun ƙauye kuma suka karɓi aikin da sarakunan ƙabilu ke yi a da.

Na daɗe ina juya maganar harshen nan, domin mu ma muna da harshe ɗaya da kowa ke ji, wato nawa. Ko in ce haka muke zato.

Akwai wani dattijo daga mutanen tudu, Baba nake ce masa, gonarsa can kusa da ƙarshen magudana. Duk abin da aka faɗa a taro amsarsa ɗaya ce: "To, madalla." Da lokacin biyan rancen taki ya wuce da wata biyu bai kawo komai ba, aka tura ni gidansa. Na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Baba, maganar bashin nan ce ta kawo ni." Ya dube ni, ya kira jikansa ya tsaya tsakaninmu. Yaron ya saurare shi ya juyo ya ce, "Malam, wai wane bashi?" Ashe ranar da aka raba takin, jami'in ya yi ta haɗa kalmar tallafi da kalmar rance a jawabi ɗaya. Baba ya san tallafi, ya ji ta a rediyo. Ɗayar kuwa ta wuce shi. Yarena da yake ji na ciniki ne da gaisuwa, wanda zai sayi abu ya sayar, ya tambayi hanya. Maganar wa'adi da kashi-kashi da abin da zai biyo baya in an saɓa, wannan wani yare ne daban ko ga mu masu shi. Da na bincika sai na tarar su bakwai ne suka fahimci abin a matsayin kyauta. Mu kuwa wata biyu muna zaune a tsakaninmu muna cewa ai su dama haka suke, taurin bashi a jininsu yake. Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba.

Da na dawo gida na ɗauki littafin na ƙirga sunayen waɗanda na rubuta sun yi magana a taro. Cikin kowane goma, takwas namu ne. Ragowar biyun ma yawanci mataimakin shugaba ne yana godiya.

Muka sa samari biyu tafinta. Taron da muke gamawa cikin sa'a ɗaya ya koma sa'a biyu da rabi, mutanena suka fara gunaguni, wasu suna sulalewa kafin a tashi. Wani ya ce mini, "Malam, wannan ɓata lokaci ne, ai suna ji." Na ce masa ya tsaya ranar nan ya saurari lissafin ma'aji da yaren ma'ajin, in ya so ya gaya mini nawa ya rage a akwati. Bai sake tayar da zancen ba. Wata matsalar da ban hango ba ita ce su kansu tafintocin. Yara ne masu tarbiyya, sai dattijo ya yi magana mai zafi da yarensa, fuskarsa a murtuke, yaro ya juyo ya ce, "Wai yana godiya, kuma yana roƙon a duba." Sai da muka zaunar da su muka ce su kawo magana yadda take, da ƙayarta, babu mai riƙe su da laifi. Ranar da aka fara fassara ta gaskiya na ji abubuwan da shekara biyu ake faɗa a gabana ban sani ba.

A lokacin ne kuma muka sayi akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Dabarar ba tamu ba ce, ta ƙungiyoyin asusu ce irin waɗanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara da mata a Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, tsarin da yanzu ya bazu ƙasashe da yawa: makulli uku a hannun mutum uku, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Mu da wayonmu sai muka ba kowace ƙabila makulli ɗaya. Ya yi amfani, zargin ma'aji ya mutu. Amma ina da ja a kan wannan rabon, kuma har yau ina da shi. Duk lokacin da aka raba kujera ko makulli da sunan ƙabila, an ƙara tuna wa mutum cewa shi wakilin mutanensa ne kafin ya zama memba. Mai riƙe da makullin mutanen tudu ba zai iya cewa ɗan tudu ya yi laifi ba, domin ba don haka aka ba shi makullin ba.

Abin da ya warware wannan ƙullin, ba mu muka shirya shi ba. Rani na uku ruwa ya ja baya sosai. Injin da muka gyara da karo-karo yana aiki, amma abin da yake turowa ba ya kai wa ƙarshe. Masu gonaki a gaba suna sha har ya kwanta musu, 'yan wutsiya kuwa shukarsu tana lanƙwashewa da hantsi. A taron watan, wata bazawara daga mutanen tudu, wadda tun da aka kafa ƙungiya ban taɓa rubuta sunanta cikin masu magana ba, ta miƙe ba tare da an ba ta izini ba. Ta yi magana da yarenta, tafinta yana bin ta a baya muryarsa na rawa. Ta ce kwana goma sha ɗaya ruwa bai taɓa gonarta ba. Ta ce ta bi magudana da dare da fitila ta ga wanda ya toshe ta da buhun yashi, kuma in ana so ta faɗi sunansa. Ta ce kuɗin wata ɗaya take biya da na gaba, to a gaya mata ko nata kuɗin jabu ne.

Rumfa ta yi tsit. Ina kallon shugaba yana neman kalmar da zai rufe zancen da ita, sai ɗan baffana, wanda shi ma gonarsa a wutsiya take, ya tashi daga cikinmu ya tsallaka filin nan da ba a tsallakawa, ya tsaya kusa da ita ya ce, "Inna ta yi gaskiya. Ni kwana tara ke nan. A faɗi sunan." Wani daga cikin makiyayan ya bi shi. Kafin a jima rumfar ta sake kasuwa, wannan karon gida biyu, 'yan gaba a hannun dama, 'yan wutsiya a hagu, kowane ɓangare da yare uku a cikinsa. Aka yi ta ihu, aka nuna wa juna yatsa, wani ya jefar da hularsa. Tafintoci suka rasa wanda za su bi. Ban san me zan rubuta ba, sai na rubuta: "An yi faɗa a kan ruwa." Ranar na koma gida ina ganin ƙungiya ta mutu.

Washegari da sassafe 'yan wutsiya suka aiko da saƙo cewa daga yau ba mai sake sa musu hannu a yasar bakin magudana sai an tsara rabon ruwa. A nan ne 'yan gaba suka yi laushi, domin bakin magudanar nan duk bayan 'yan makonni yashi ke toshe shi, kuma su kaɗai ba za su iya kwashe shi ba. Daga baya na karanta cewa Elinor Ostrom, macen farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta ga irin wannan a Nepal ita da abokan aikinta. Magudanun da manoma ke gudanarwa da kansu, masu madatsar duwatsu da itace da ruwa ke karyawa kowace shekara, sau da yawa sun fi na hukuma kai ruwa ga 'yan ƙarshe, saboda na gaba yana bukatar ƙarfin na baya wajen gyara, dole ya saurare shi. Inda aka zo aka zuba madatsar kankare da ba ta bukatar gyaran shekara-shekara, na gaba ya daina bukatar kowa, rabon ruwa ya lalace. Tun da na karanta wannan nake ɗari-ɗari da duk wani taimakon da zai sa wani ɓangarenmu ya wadatu da kansa.

Labarin da ya fi kama ni shi ne na Gal Oya a gabashin Siri Lanka. Babban aikin ban ruwa ne da aka gina bayan samun 'yancin ƙasar, aka kwaso manoma 'yan ƙabilar Sinhala aka zaunar da su a sama, 'yan Tamil kuma suna can ƙasa inda ruwa ke isa a makare ko ya ƙi isa. A wannan kwarin ne aka yi mummunan rikicin ƙabilanci a 1956, wanda ake lissafawa a matsayin na farko babba bayan 'yanci. A 1981 aka fara tura matasa masu digiri su zauna a ƙauyukan, su taimaki manoman kowace ƙaramar magudana, mutum goma zuwa sha biyar, su haɗa kansu. Norman Uphoff na Jami'ar Cornell ta Amurka, wanda ya yi shekaru yana bin aikin, ya rubuta cewa ba da taron zaɓen shugabanni aka fara ba, da aiki aka fara: a yashe magudana, a tsara ranakun sha. Manoman sama suka riƙa rage nasu suna tura rarar ƙasa, har ga 'yan Tamil, kuma abin ya ci gaba a shekarun da ƙasar ta faɗa yaƙin basasa daga 1983. Ba ina cewa magudana ta hana yaƙi ba ne, ai yaƙin ya yi shekara ashirin da shida. Amma mu da muka fara da rabon kujeru muka bar yashi yana taruwa, na ga inda muka sa keke gaban doki, ko in faɗa yadda ya dace, inda muka ɗaura aure ba mu ga amarya ba.

Muka zauna sau uku kafin mu daidaita. Ruwa ya koma farawa daga wutsiya yana hawowa gaba. Aka sa masu gadi biyu kowane dare, ɗaya daga gaba ɗaya daga baya, ba a duba yare. Makullan akwati ma aka sake raba su: gaba, tsakiya, wutsiya. Tara kuma aka mayar da ita hawa-hawa, karon farko ɗan abu kaɗan, na biyu ya ƙaru, na uku a rufe maka ruwa zagaye guda. Wannan hawa-hawan yana cikin abubuwan da Ostrom ta ce ta gani a ƙungiyoyin da suka daɗe ba su rushe ba, kuma na gane hikimarsa a aikace: tarar da ta yi nauyi babu mai iya ɗora wa maƙwabcinsa ita, ƙarama kuwa ana iya karɓa a yi dariya.

Mutum na farko da ya faɗa tarkon kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Shi ne mai buhun yashin nan, kuma bai daina ba. Masu gadi suka kama shi, ɗayansu ma ɗan makiyaya ne, yaron da bai kai sa'ar ɗansa ba. A taro aka karanta rahoto da yare uku, kawu yana zaune yana kaɗa ƙafa. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, ni za ka rubuta?" Na ce, "Kawu, ba ni ba ne, littafi ne." Ya ce, "Littafin ubanka." Aka fashe da dariya, har waɗanda sai da aka fassara musu suka yi tasu daga baya. Na rubuta, hannuna yana ɓari. Ya zaro kuɗin ya jefa a kan tabarma ya fita. Wata biyu ba ya amsa gaisuwata, mahaifiyata ma sai da ta kira ni ta yi mini faɗa. Amma a taro na gaba, da aka kama wani ɗan tudu bai fito yasa ba, mataimakin shugaba da kansa ya ce a rubuta shi, ɗan ƙanwarsa ne kuwa. Daga nan biro ya daina yi mini nauyi.

Kada in yi ƙarya in ce mun zama uwa ɗaya uba ɗaya. Akwai katangar da faɗan ruwa bai taɓa ba, ita ce ƙasa. Kusan duk makiyayan nan da rabin mutanen tudu a gonakin aro ko na haya suke noma, masu gonakin kuwa mu ne. Gordon Allport, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, ya faɗa tun 1954 cewa cuɗanya tana rage ƙyamar juna ne in akwai manufa ɗaya, da aiki tare, da goyon bayan hukuma, da kuma daidaiton matsayi tsakanin masu cuɗanyar. Ukun farko muna da su. Na huɗun a rumfa kawai yake. Na taɓa tambayar wani cikinsu, mutum mai kaifin hankali da ya fi mu duka sanin ciwon shuka, me ya sa ba ya tsayawa takarar shugabanci. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, mai noma a gonar aro ba ya ɗaga murya. In na ci mai gonata tara yau, baɗi a ina zan shuka?" Ban samu amsar da zan ba shi ba. Mun yi ƙoƙarin sa a riƙa rubuta yarjejeniyar haya ta shekara uku a gaban ƙungiya, mutum shida suka yarda, sauran masu gonaki suka ce ba a taɓa yi ba. Tsohuwar matsala ce a duk inda ban ruwa ya tara baƙi. A aikin ban ruwa na Jazira a Sudan, da aka buɗe a 1925 bayan gina madatsar Sennar, dubban 'yan Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa masu hanyar Makka, sun yi aikin auduga shekara da shekaru, amma akasarinsu a matsayin 'yan ƙwadago da masu noman raba-daidai suka zauna, a sansanoni a gefen ƙauyuka, rijistar filayen tana hannun wasu.

Sannan akwai abin da ke shigo mana daga waje. Lokacin zaɓe rumfar takan yi sanyi, mutane su koma zaman kashi uku ba tare da sun lura ba. Shekarar da aka yi wani rikici a wani gari mai nisa, hotuna suka yi ta yawo a waya, taron watan mutum goma sha huɗu ne suka zo. Ba mu yi jawabin zaman lafiya ba, domin babu mai bakin yi. Jadawalin gadi dai yana nan manne a jikin rumfa, kuma a daren ranar sunan ɗan baffana ne da na wani ɗan makiyaya. Na kwana ina tunanin ko in soke. Ban soke ba, tsoro ma ya hana ni fita in gaya musu. Da safe na tarar da su biyun a bakin injin suna gardama a kan wanda ya yi barci ya bar mai ya ƙare.

Auratayya har yanzu babu ko ɗaya tsakaninmu, kuma ban ga alamarta ba. Zuwa gaisuwar rasuwa da barkar haihuwa kuwa ya zama abin da ba a tambaya. Bashi ma ya fara tsallaka yare, wanda a wurina ya fi zuwa biki nauyi, domin mutum yana iya zuwa bikin wanda bai yarda da shi ba, amma ba ya tsaya masa a rance. A rancen bara, cikin masu tsaya wa juna goma sha tara, bakwai ba yarensu ɗaya da wanda suka tsaya wa ba. Na ƙirga ne don 'yata ta tambaya.

Baba mai "to, madalla" ya biya takin nan a kashi huɗu, kuma tun da aka sa tafinta ya zama mutumin da ya fi kowa tsawaita mana taro. Ashe mafaɗaci ne. A makon jiya, tun ban gama sallar asuba da kyau ba, na ji ana dukan ƙyaure kamar za a ɓalle shi. Na buɗe na gan shi tsaye da sandarsa, jikan nasa a baya yana hamma. Ban kai ga buɗe baki in gaishe shi ba ya fara, kuma wannan karon bai jira yaron ba, da yarena ya yi, yana karya shi yadda ya ga dama. Wai sifanar da na ara a wurinsa tun kafin girbi, shin gado na ɗauke ta? Na ce, "Baba, ai sai a bari a gaisa." Ya ce gaisuwa tana nan ba inda za ta, sifana yake so, injinsa na feshi yana can a kwance.

Na shiga ɗaki na yi ta bincike. Ba ta nan. Sai can na tuna kawu ya karɓa.